Janaretan da Dada Ke Jira

Gidana yana ƙarshen Mubi, ta wajen da sandunan wutar gwamnati suka gaji suka tsaya. Sanda ta ƙarshe ina hango ta daga ƙofata, tsaye take ba waya, awaki ke susa da ita. Lokacin da na sayi filin an rantse mini cewa wuta tana tafe. Har yau tana tafe. Ni kuma na tashi na gina gida irin na mutumin da ya yi imani 'ya'yansa za su zauna da shi har abada: sashen baƙi, sashen kowane ɗa, dogon baranda, da falon da in ka yi tari sai ya amsa maka. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ina jin a aji biyar ne ake koyar da cewa yara suna girma su tafi.

A lokacin da wannan abu ya faru mu uku ne a cikin gidan. Ni, da matata, wadda yara ke kira Dada har ni ma na bi bakinsu, da ƙanwata da mijinta ya rasu ta dawo hannuna. Ita ke riƙe da madafa, ita ke riƙe da faɗan gidan, kuma duka biyun ba ta wasa da su.

Wutar gidan ɗan farinmu ne ya haɗa ta. Shi kaɗai ne a cikin 'ya'yana bai tafi ko'ina ba. Noma ya riƙe a gonarmu ta Betso, ya tafi da safe a babur ya dawo da yamma. Ya ɗora farantan sola kaɗan a kan kwanon rufi, ya jera batira masu shan ruwa a ɗakin ajiya, ya rataye wata 'yar inbata a bango, wato akwatin da ke juya wutar batir ta zama wutar gida. Da rana abin ba laifi. Amma rana na karkatawa batiran nan sai su fara suma, inbata ta kama tsuwa kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. A nan ne janareta ke karɓar aiki.

Janaretan nan sai na yi muku bayaninsa, don babba ne a wannan labari. Ja ne a da, kafin baƙin mai ya ɗinka masa riga. Da igiya ake tada shi. A jikin salansarsa akwai wani rami da tsatsa ta ci, ga kuma wani murfin ƙarfe da kusarsa ɗaya ta faɗi ba wanda ya neme ta. In aka ja igiya sai ya yi tari, ya sake tari, ya yi shiru kamar ya fasa, sannan ya ɓarke da ruri, murfin nan yana kaɗa masa kalangu. Limamin masallacinmu da kansa ya tako ya roƙe ni a riƙa jira a sallame magariba kafin a tada shi, wai 'yan sahun baya ba sa jin kabbara, suna ruku'u da ƙiyasi.

Saboda haka abin ya samu lokacinsa. Yaron ya dawo daga gona, ya yi magariba, ya zagaya bayan gida ya ja igiya. Sannan ya shiga ɗakin ajiya ya ɗaga wuƙar canjin wuta. Gidan ya yi duhu na numfashi ɗaya, ƙwayayen wuta su dawo jajaye. Daga can baranda sai ka ji Dada ta ce, "A kawo abinci."

Dada 'yar Lamorde ce, kuma an rene ta da tsohuwar tarbiyya. A wannan tarbiyya uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta zama hira da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta tambayar ina yake. Kunya ce. "Wancan" take ce masa. Nakan tsokane ta in ce, "Wane wancan? Gidan nan cike yake da wancan, har ni ma wani lokaci wancan ne." Sai ta ja mayafi ta kawar da kai ta ce, "Alhaji, ka girma amma bakinka bai girma ba." Yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi, sai ta jiƙa magani ta miƙa wa wata ta ba shi, ita tana tsaye a bayan ƙofa. Tun daga haihuwarsa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko da kuskure.

Wata damina mayon da ke kan hanyar gona, wato rafi, ya cika ya batse. Ya ga kamar zai iya haye shi da babur. Washegari aka same shi can ƙasa, a jikin wasu saiwoyi.

Dada ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta yabon dauriyarta, ni kuwa ina ta zubar da nawa hawayen a zaure ba kunya ba dauriya. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu. Da masu gaisuwa suka watse, aka bar mu da inbata tana tsuwa da magariba, sai na tattara babbar rigata na zagaya bayan gida. Na ja igiyar nan har kafaɗata ta yi ƙara kafin in gane akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa tukuna. Daga ranar aikin ya zama nawa. Tsohon ɗan kasuwar shanu ya koma yaron janareta.

Mantuwa kuma ta shigo wa Dada a hankali, ba sallama. Ta zuba gishiri a kunu. Ta tambaye ni ko mahaifiyarta ta aiko, matar da muka binne tun gashina yana baƙi. Wata rana ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan." Na ce, "Zan jira shi, an ce mutumin kirki ne." Ta ce, "Surutu ne da shi dai." Amma duk da haka tana cin abincinta. Da yamma musamman, tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, takan share kwanonta tas. Ƙanwata takan ce in dai ciki yana karɓa, sauran da sauƙi.

A haka muka yi shekaru, har wata bazara 'yarmu da ke aikin jinya a Abuja ta zo ganin gida. Ta tarar da fanka a tsaye, uwarta tana zufa, ruwan firij kamar na wanka, ubanta kuma yana warin man zafi.

"Baba, me ya samu kafaɗarka?"

"Motsa jiki nake yi. Ba ku ne kuke cewa tsofaffi su riƙa motsa jiki ba?"

Da magariba ta bi ni bayan gida ta ga irin motsa jikin. Ta toshe kunnuwa, hayaƙi ya sa ta tari.

"Baba, wallahi wannan abin zai kashe ka."

"In ya kashe ni ai ya huta, ni ma na huta."

Ba ta yi dariya ba. Ta kira ƙannenta a waya, suka haɗa kai, kafin in ankara an turo mini injiniya. Mutum mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce zai auna lodin gidan. Na ce masa lodin gidan tsofaffi uku ne, ya kawo sikeli. Ashe nufinsa abin da ke jan wuta. Ya bi ɗaki ɗaki yana tambaya: firij, firiza, famfon rijiyar burtsatse, dutsen guga, har ɗakunan da gizo-gizo ne kaɗai ke kwana a ciki. Na ce waɗannan ba kowa. 'Yata ta ce a sa da su, ai za su riƙa zuwa da sallah.

Aka yi aiki na gaske, ba zan ɓoye ba. Aka sauke tsofaffin farantai, mai walda ya ƙera sababbin ƙarafa, aka shimfiɗa manyan farantai har rufina ya koma kamar madubi. Batira masu shan ruwa aka fitar da su, aka kawo na litiyam, farare, a jingine da bango kamar akwatunan lefe. Injiniya ya ce ba sa shan ruwa, ba sa tsatsa, ba sa gunaguni. Na ce da ana samun irinsu a cikin maza da na nema wa ƙanwata ɗaya. Ta leƙo daga madafa, da yake Hamma take kirana, wato yaya, ta ce, "Hamma, da ana samun irinsu da Dada ba ta ƙare da kai ba." Sabuwar inbata har da fuska mai haske, kuma wai 'yata tana iya ganin abin da take yi a wayarta daga Abuja. Aka kawo sabon janareta mai shan dizal a cikin wani akwati mai katifa ta ciki. Shi ke tada kansa, kuma sai in hadari ya daɗe ya hana batira cika. In yana aiki sai ka kasa kunne za ka ji shi, kamar kyanwa tana barci. Wuƙar canjin wuta aka cire ta daga bango.

"Baba," in ji injiniya, "daga yau wutarka ko ƙiftawa ba za ta yi ba."

Tsohon janareta kuwa na ba mai waldan nan kyauta. Ɗan Mayo Bani ne, Kirista, mai fara'a, yana aiki yana rera waƙoƙin coci. Na haɗa masa da addu'ar Allah ya ba shi haƙurin zama da shi. Da suka ɗauko shi za su fita, Dada tana zaune a baranda. Daga baya ƙanwata ta ce ta ga ta bi shi da ido har ƙofa. Ni ban gani ba, ina can ina shan ruwan sanyi ina yi wa maƙwabta alfahari.

'Yata ta sa wa uwarta na'urar sanyaya ɗaki, ta sumbace ta a goshi, ta koma bakin aikinta da farin ciki. Kuma ta cancanci farin cikin. Abin alheri ta yi.

A yammacin da ta tafi aka ajiye wa Dada tuwo, ta ce, "Tukuna." Tuwo ya huce, ta yi barci a zaune. Da safe ta kurɓi kunu kaɗan. Da yamma kuma, "Tukuna." Muka ce kewar 'yarta ce. Da abin ya ci gaba muka ce sanyin na'ura ne, muka kashe. Na ce wa ƙanwata ko hannunta ne ya fara tsufa a miya, ta ce in shiga in dafa ta gani. Ta sauya miya, ta yi dambu, ta yi farfesun kaza. "Tukuna." Sannu a hankali har na rana ta fara turewa, tana cewa a rufe a ajiye.

Muka kai ta asibiti. Likita ya auna abin da zai auna, ya ce bai ga sabon ciwo ba, tsufa ne da mantuwa. Aka ƙara mata ruwa, aka ba mu maganin buɗe ciki. 'Yata tana waya safe da yamma, tana faɗa mana abin da za mu dama da abin da za mu niƙa. Warwaron hannun Dada da a da ba ya wuce wuyan hannu ya fara zamewa har gwiwar hannu. Gida ga haske ko'ina, har bayi, firiza cike da nama, matar gida kuma tana ƙarewa a gabanmu.

Abin da na lura da shi kawai, in rana ta faɗi takan juya kujerarta ta fuskanci lungun da ke zuwa bayan gida.

Wata magariba na dawo daga masallaci na karɓi kwanon kunun gyaɗa daga hannun ƙanwata, na zauna a gabanta da cokali.

"Dada, sha mana. So kike a ce na kashe ki da yunwa a cikin gida mai firiza? Mutanen Lamorde ai sai su zo su ɗaure ni."

Ta dubi cokalin, ta dube ni. A ranar ta gane ni sarai.

"Mutane ba su gama shigowa ba, Alhaji."

"Su wa? Ga ni, ga Goggon yara, ga ki. Ko akuyar maƙwabta kike jira?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, irin jan da na sani tun tana amarya.

"Wancan," ta ce. Can kuma, ƙasa ƙasa, "Ban ji inji ba."

Ƙanwata tana tsaye a bayana da buta. Na ji ta ajiye butar, na ji takunta ta shige madafa, na ji ta rufo ƙofa.

Ni kuwa na zauna da cokali a hannu kamar an dasa ni. Duk shekarun nan ba ta taɓa tambayar ko ya dawo ba, don ba ta da bakin tambaya. Inji ne ke faɗa mata. In ya yi tari ta san ɗanta ya haye mayo, ya shigo, yana bayan gida, sai ta ci abinci. Da mantuwa ta share mata ranar da aka kawo shi a makara, ba ta share mata wannan ba. Ni ina can ina tsine wa igiya, ashe kullum ni ke shigo mata da ɗanta da wannan ruɓaɓɓiyar kafaɗar.

Washegari na kira injiniya na ce ya zo ya tada sabon janareta da hannu, ya buɗe ƙofar akwatinsa don a ji shi. Ya yi mamaki amma ya yi. Dada ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na aro wani ƙarami a maƙwabta, mai ƙara kamar sauro ya samu lasifika. Ta saurara ta ce, "Maƙwabta sun tada nasu."

Har na yi tunanin in zaunar da ita in faɗa mata gaskiya, ko ta haƙura da jira. Ƙanwata ta tare ni a baranda.

"Hamma, in ka faɗa mata yau, gobe ta manta, sai ka sake faɗa mata. Sau nawa za ka binne mata shi?"

Sai na shiga mota na nufi Mayo Bani. Na tarar da mai walda a rumfarsa, mutane cike, ga tsohon abokin gabana can a gefe cikin baƙin mai, ana jan wutar walda da shi.

"A'a, Baba! Lafiya? Ƙarfen rufi ya motsa ne?"

"Ƙarfe lafiya lau. Janaretana na zo roƙo."

"Sabon ya lalace?"

Na dubi mutanen da ke zaune, duk sun zuba mini ido. Yaya zan buɗe sirrin matata a rumfar walda? Na ce, "Dada ce ke son abinta."

Da irin Hausarsa ya ce, "Mama yana so? Ai nashi ne, Baba. Ko yanzu ma nashi ne."

Na ce to a ɗora mini a mota. Ya kama hannuwana biyu ya ce Allah ya kiyaye, babba kamata ya shiga gari da wannan datti a bayan mota, mutane su ce ɗan Mayo Bani ba shi da tarbiyya. In je gida, shi zai kawo da kansa. Na so in matsa, amma mutum yana girmama ka a gaban jama'a, da wane baki za ka ƙi? Na dawo hannu wofi.

Bai zo washegari ba. Na kira, ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Ban gane saura kaɗan ɗin me ba sai da ya iso.

Da aka sauke shi a tsakar gida ban gane shi ba. Ja wur, sabon fenti yana ƙyalli. Sabuwar salansa. Murfin nan an ɗaure shi da kusoshi cif. Ya wanke kabireta, ya sa sabon filogi, har igiyar ya sauya. Ya ja sau ɗaya, inji ya tashi sumul, yana gurnani a hankali kamar ɗan makarantar da aka yi wa tarbiyya. Mai walda ya tsaya yana murmushi, yana goge hannu, yana jiran a sa masa albarka.

Na zauna a ƙasa, a kan siminti, da babbar rigata.

"Ɗana, me na yi maka?"

"Baba?"

"Ina tarinsa? Ina ramin?"

"Na gyara duka, Baba. Abin da za a mayar wa Mama, ai ba za a mayar da shi a lalace ba."

Duk da haka da aka sallame magariba muka gwada. Dada ta karkata kai ta saurara, sannan ta ce wa ƙanwata, "Baƙi muka yi ne? A kai musu ruwa."

A nan na ja mai walda zaure na faɗa masa komai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na tambaye shi tsohuwar salansa, ya ce 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun wuce da ita tun jiya. Ya share ido da bayan hannu ya ce, "Gobe da safe ina nan."

Ya zo da kayan aikinsa, muka zauna a bayan gida muna ɓata inji. Shi ne mai hannu, ni ne mai kunne. Ya huda salansa, ya tada, na ce bai kai ba. Ya ƙara faɗin ramin, na ce ya yi gefe da yawa, na da yana ta ƙasa ne.

"Baba, tun da na koyi aiki ba a taɓa ce mini in lalata abu ba."

"Yau ka ƙaro ilimi. In ka gama zan ba ka shaida."

Ya cire kusa ɗaya daga murfi, ba ita ba ce. Ya mayar ya cire ta ɗaya gefen, kalangu ya dawo. Tarin ne ya ba mu wuya. Ya shafa wa filogi baƙin mai, ya murɗa wani abu a kabireta, inji ya yi tari ya mutu ɗungum. Ya sake murɗawa. Ƙanwata tana jiyo mu daga madafa tana ba da hukunci: "Ba haka ba! Na da ya fi kaushi, kamar Hamma in ya tashi da asuba." Muna cikin haka bayan la'asar sai ga liman ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Alhaji, na zaci Allah ya raba mu da wannan masifar." Na dubi mai walda na ce, "Tsaya nan. Kada ka ƙara taɓa komai."

Saura duhun nan na numfashi ɗaya. Wutar da aka yi alkawarin ba za ta ƙifta ba, dole ta ƙifta. Na nuna wa ƙanwata babban makunni a ɗakin ajiya, na ce in ta ji ruri ta kashe, ta ce bisimilla, ta kunna. Janaretan kansa ba a haɗa shi da komai ba. Wayarsa tana kwance a ƙasa. Fetur kawai zai sha ya yi surutu, kamar maigidan.

Aka sallame magariba. Na zagaya. Mai walda ya miƙo hannu zai ja, na ce a'a, wannan aikina ne. Na ja. Ya yi tari. Ya sake tari. Ya yi shiru, ni ma numfashina ya tsaya tare da shi. Sannan ya ɓarke. Gidan ya yi duhu, ya dawo.

Na lallaɓo ta lungu na tsaya inda ba za ta gan ni ba. Ta ɗaga kai. Ta daɗe tana saurare, hannunta a kan gwiwa. Sannan kafaɗunta suka sauka.

"Ya makara," ta ce. "A kawo abinci."

Ta sha kunun gyaɗa, cokali bayan cokali, ba da yawa ba, amma da hannunta. Ni na juya na fuskanci bango ina duba wata waya da ba abin da ya same ta. 'Yata ta kira daga Abuja ta ce ta ga wuta ta ɗauke a wayarta, lafiya? Na ba ƙanwata wayar. Ban san me ta faɗa mata ba.

Da ina da ikon rubuta ƙarshen labari da a nan zan ce ta murmure. Ba ta murmure ba. Jikin ya riga ya yi nisa a kwanakin jiran nan. Tana ci kullum in inji ya tashi, amma ɗan kaɗan, kuma warwaron bai koma mazauninsa ba. 'Yata ta ɗauki hutu ta zo, ita ta karɓi aikin makunni daga hannun Goggonta. Takan tsaya a ɗakin ajiya, a gaban fararen batiran da ta saya, tana jiran ruri ta kashe wa uwarta wuta. Na ce mata kada ta kuskura ta ɗora wa kanta laifi, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da matar ban sani ba, balle ita.

Kuma kunnen Dada bai ruɗu gaba ɗaya ba. Mu mun ce sautin ya yi, liman ma ya shaida, amma ita ta fi mu saninsa. Wata yamma, damina ta kusa ɗaukewa, na dawo daga bayan gida ina haki, na zauna kusa da ita. Ta ajiye cokali. Ta ja mayafi. Ba ta dube ni ba.

"Alhaji."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Muryarsa ta sauya kwanan nan. Ka ce wa wancan ya nemi maganin tarin nan. Kada ya riƙa shiga ruwa da sanyi."

Tun da ta haife shi, wannan ne saƙo na farko da ta taɓa ba ni in kai masa. Na buɗe baki in yi tsokanar da na saba, in ce wane wancan, bakin ya ƙi. Na ce, "Zan faɗa masa."

"Kada ka ce ni na ce."

"Ba zan ce ba."

Ba ta daɗe bayan nan ba. Da hantsi ta tafi, fanka tana juyawa a kanta, 'yarta tana riƙe da hannunta. Na kasa kunne har ƙarshe ko za ta kira sunan sau ɗaya. Kalmar shahada ta yi, ta yi shiru.

Yanzu mu biyu ne a gidan. Wuta ba ta ƙiftawa, injiniya bai yi ƙarya ba. Ɗakunan yara suna da haske in an kunna, kuma da sallah suna zuwa, wasunsu. Mai walda yakan biyo in ya shigo gari, ya gaishe ni, ya leƙa bayan gida ya ga ɓarnar da ya yi da hannunsa tana nan a rufe da buhu. Ya taɓa tambayata ko in ba shi ya toshe ramin. Na ce ya bar shi. Ban sake jan igiyar ba, liman ya samu lafiya, kafaɗata ma ta daina ƙara.

Saƙon ne ya rage a hannuna. Ni mutum ne da aka sani a kasuwa ba na riƙe saƙon mutane, amma wannan ban samu mai zuwa inda yake ba, sai ita, kuma ta tafi ba ta karɓa ba. Ƙanwata ta ce in daina damun kaina, ai yanzu suna wuri ɗaya, ta faɗa masa da bakinta. Na ce ke ba ki san Dada ba. Tana can ta ja mayafi ta kawar da kai, tana jira in iso in faɗa masa.